Tun da ya faɗi da moto ba ya jure ƙara, ko dakan turmi

Barira (Maman Abdul): Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, abin ya fi ƙarfina. Baban Abdul kabu-kabu yake yi. Kafin azumi wata adaidaita ta buge shi wajen babbar kasuwa, ya faɗi kansa ya daki bakin kwalta. Ya ɗan suma, aka kai shi likita, aka ɗinke gefen kai, aka yi sikana aka ce babu jini a ciki, babu karaya. Ciwon ya warke har gashi ya rufe wurin. Amma tun daga nan ba ya son ƙara ko kaɗan. Cokali ya faɗi kan tire sai ya dafe kai. Yara in sun fara wasa sai ya bar musu gidan. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne daka. In maƙwabciyarmu ta fara daka bayan katanga, ya ce ba a kunne kaɗai yake ji ba, ta ƙasa abin yake bi ya hau masa har ƙeya. In aka ɗauke kuran mai shagon kusa da mu ya tada gurup, to daren nan babu barci. Ya gwada hawa moto, bai kai ƙarshen layinmu ba ya dawo da jiri da tashin zuciya. Yanzu kullum auduga a kunne, ɗaki a rufe. Danginsa wasu sun ce iska ce, wasu sun ce raki. Ni na rasa wanda zan kama.

Hajiya Tsahara: Wa alaikumus salam. Sannu ɗiyata, Allah shi ba shi lahiya. Ni dai abin da na sani, wanda ya hwaɗi bisa hanya har ya suma, ba a rasa abin da ya taɓa shi wurin. Tunda likita sun duba ba su ga komi ba, ai magana ta hito. A nemi malami, a yi mishi rubutu da hayaƙi.

Ɗan Ladi Kabu-kabu: Hajiya ki yi haƙuri, babu wata iska. Tsoro ne. Duk wanda ya taɓa shan ƙasa da moto ya san haka, zuciya ce ke mutuwa. A daina lallashi nai, shi hau moto shi zagaya gari, da yamma jiki ya saba. Zaman ɗaki ba ya ciyar da iyali.

Majo Lawali: Ɗan Ladi, wannan shawara ita za ta sake kayar da shi, kuma bugu na biyu a kan wanda bai gama warkewa ba ya fi na farko haɗari. Mai jiri ba ya hawa moto, balle ya goya ɗan wani.

Barira ɗiyata, ki kwantar da hankali. Na yi shekaru ina karɓar masu haɗarin hanya kafin in yi ritaya, kuma abin da kika zayyana sananne ne. Da an ce sikana ba ta ga komai ba sai mutane su ɗauka lafiya lau. Sikana jini take nema, da karayar ƙoƙon kai, da kumburi. Girgizar da ƙwaƙwalwa ta sha a cikin ƙoƙo lokacin bugun yawanci ba ta fitowa a hoton, amma mai ita ya san da ita: ciwon kai, jiri, mantuwa, saurin fushi, ƙin haske, ƙin ƙara. Mafi yawan mutane suna warwarewa cikin mako 2 zuwa 4. Wasu kuma abin yakan wuce wata 3, kuma da alama naki yana cikin waɗannan.

Kunne karɓar sauti kawai yake yi. Ƙwaƙwalwa ce ke yanke cewa wannan ƙara ce mai ƙarfi, wannan kuwa a bar ta ta wuce. Bayan bugu wannan ma'aunin yakan kauce. A ma'aunin ƙarfin sauti da ake ce wa desibel, hirar mutum biyu wajen 60 ce, mai lafiya kuma ba ya fara jin zafin ƙara sai wajen 100. Shi ko yanzu ƙila 70 ta ishe shi azaba. Saboda haka ba raki yake ba.

Ki amsa mini waɗannan. Kunnensa na yin shuu ko ƙara? Ji ya ragu a gefe ɗaya? Bakinsa ya taɓa karkacewa bayan haɗarin? Jini ko ruwa ya fito ta kunne? In ya juya a shimfiɗa ɗaki na juya masa? Kuma me yake sha?

Barira (Maman Abdul): Baba Majo na gode, har na ji sanyi. Kunnen hagu ne ke masa shuu, ya fi ji da dare. Baki bai karkace ba, ruwa bai fito ba. Juyawa kam yana yi, in ya mirgina hagu sai ya riƙe katifa ya ce ɗaki na zagayawa, amma ba ya daɗewa. Farasitamol yake sha kusan kullum. Wani abokinsa a tasha ya kawo masa taramol, ya ce yana sa jiki ƙarfi.

Majo Lawali: Taramol ɗin nan ba na mai ciwon kai ba ne. Yana iya tada farfaɗiya ko ga mai lafiya, ina ga wanda ya bugu. In ya riga ya saba da shi kullum, kada ya yanke dare ɗaya, ku faɗa wa lokotoro ya rage masa a hankali. In bai saba ba, ki ɗauke shi daga gidan. Farasitamol ma in mutum na shan sa kwana 15 ko fiye a wata, shi kansa yakan koma yana haifar da ciwon kai.

Nafisa: Yaya Barira sannu. Ni ɗaliba ce a sashen likitanci na jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ban kai in ba da magani ba, amma jirin nan na mirginawa mun karanta shi kuma na ga ana gyara shi. A can cikin kunne, ban da wurin ji, akwai wurin da ke riƙe daidaiton jiki. Cikinsa akwai wasu ƙananan ƙwayoyi na alli da ido ba ya gani. Bugun kai yakan ɓalle su su faɗa cikin wani ɗan bututu mai ruwa inda ba wurinsu ba. Da mutum ya juya kai sai su motsa, ƙwaƙwalwa ta ɗauka duniya ce ke juyawa, kafin minti ɗaya kuma abin ya lafa. Ba ƙwaya ake sha ba. Kwantar da mutum ake yi a juya kansa bi da bi har su koma mazauninsu. Wani likitan Amurka mai suna Epley ya fito da dabarar, sunansa take ɗauke da shi. Likitan kunne da hanci da maƙogwaro, wanda ake ce wa ORL, ya san ta, wasu masu gashin ƙashi na asibiti ma sun iya. Sai dai a fara duba wuyansa tukuna, kada ku kalli bidiyo ku yi a gida.

Maganar daka kuma gaskiya ya faɗa. Sauti ba ta ramin kunne kaɗai yake shiga ba, ƙashi ma na kai shi. Dukan taɓarya na bin ƙasa, ya bi gado ko tabarma, ya shiga ƙoƙon kai kai tsaye. Wurin daidaiton nan ma yana jin girgiza, shi ya sa moto ke haɗa masa jiri da tashin zuciya.

Kuma a nan ne auduga ke cutar sa. Kowa ya gwada yanzu: ka toshe kunnuwanka da yatsu ka yi magana, ko ka tauna wani abu. Za ka ji muryarka ta ƙara kauri a cikin kai. In an toshe ramin kunne, sautin da ke bin ƙashi ƙaruwa yake. Auduga kuwa ba ta tare gurnanin gurup, ɗan muryoyin mutane take ragewa, ta bar shi da gurnanin da shuu ɗin kunnensa.

Rabe Tela: To ni nan zan saɓa da ku. Ni abin ya same ni, ba karantawa na yi ba. Shekarun baya motar da muka shiga daga Jibiya ta kife kafin Ɗan Isa. Da na koma shago keken ɗinki ya gagare ni, musamman na kuran, in na ɗora hannu kan tebur har haƙorana nake ji. Ba don auduga ba da na bar sana'a. Har gobe da ita nake yini, da ita nake kwana. Ku bar bawan Allah da abin da ke ba shi sauƙi.

Majo Lawali: Rabe, ba na ƙaryata ka. Amma ka lura da maganarka: shekaru sun wuce, har gobe da ita kake kwana. In ka cire ta yaya kake ji?

Rabe Tela: Ba na iya cirewa. Ko kukan kaza sai in ji har tsakar kai.

Majo Lawali: To wannan nake guje wa mijin Barira. An taɓa gwadawa da mutane masu lafiyar kunne, aka sa su toshe kunne mako 2. Da aka cire, ƙarar da suka saba jurewa ta koma tana damun su. Wasu kuma aka sa musu ɗan sauti mai taushi a kunne na wannan tsawon lokaci, su juriyarsu ƙaruwa ta yi. In ƙwaƙwalwa ta ga sauti ya ragu, sai ta ƙara ƙarfin sauraro. Wanda ya yini cikin ɗaki mai duhu in ya fito tsakar rana ai sai ya runtse ido, ba don rana ta canja ba. Auduga na ba da sauƙin yau, ta ƙara wahalar gobe.

Rabe Tela: Majo, faɗa da baki ba wuya. Kai ba ka zauna gaban keke da kai na sarawa ga ɗinkin salla ya taru ba.

Mushe Idi: Ina ga ku biyun kowa na da gaskiyarsa, wurin ne ya bambanta. Akwai ƙarar da ke ɓata kunnen kowa, mai lafiya da marar lafiya. Daga desibel 85 in mutum ya yini cikinta awa 8 kullum, ji na lalacewa. Injin niƙa, wurin masu walda, gaban lasifikar biki, duk sun wuce nan. A irin wuraren nan toshe kunne daidai ne, kuma a sayi na roba a farmasi, auduga ba ta tare abin kirki. Amma tsakar gida, hira, kukan kaza, waɗannan ba sa ɓata kunne ko da sun yi zafi. Akwai manhajar auna ƙara da ake sawa a salula kyauta. Ba ta kai na'urar asibiti ba, amma na sa a aji na ga ihun ɗalibaina ya kai inda ban zata ba. Rabe, ka auna shagonka. In keke na aiki ka toshe, in ka tashi ka cire, ko na ɗan lokaci ne.

Zeinabu: Ni ƙanwata ce abin ya sama, katako ya faɗo mata a kai. Abin da ya taimake ta shi ne abin da Majo ke nufi. An fara da fanka kawai a ɗaki. Daga baya rediyo ƙasa-ƙasa, yadda da ƙyar ake jin magana. Sai ta fara zama tsakar gida da hantsi in yara sun tafi lakkol. In ta ji abin ya ɗan motsa ba ta gudu nan take, in ya yi yawa ta shiga ta huta ta sake fitowa. Akwai ranakun da ta koma baya, musamman in ba ta yi barci ba ko ranta ya ɓaci. Ranar da ta iya shiga kasuwa da sassafe ta sayo cefane da kanta har kuka ta yi. Biki ne dai har yanzu take zuwa ta yi barka ta fito kafin a kunna kiɗa.

Hajiya Tsahara: Wato duk kun taru kun watsar da maganata. To shi kenan. Mu da munka tashi kahin sikana ta zo garin ga, da mi anka warkar da mu?

Malam Nuhu: Hajiya ba wanda ya watsar da ke. Addu'a ba ta hana magani, magani ba ya hana addu'a. Ya tabbata a hadisi cewa Allah bai saukar da wata cuta ba sai ya saukar da maganinta, neman sa kuwa ba rashin tawakkali ba ne. A yi masa tofi, a karanta masa Fatiha da Falaƙi da Nasi, shi ma ya riƙe azkar. Abin da ba zan goyi baya ba shi ne irin ruƙiyyar da wasu ke yi yanzu, a kafa wa marar lafiya lasifika a kunne ana ihu. Mutumin da cokali ke sa shi dafe kai, in aka yi masa haka dole ya yi kururuwa ya fizge, sai kuma a ce ga aljanin ya bayyana. Karatu da murya mai taushi ya wadatar. Masallaci kuma kada ya yanke, ya nemi gefen sahu nesa da lasifika.

Nafisa: Ƙari kan na Malam, kada a ɗiga masa mai ko ruwan wani ganye a kunne kafin a leƙa a ga fatar dodon kunne ba ta fashe ba.

Akwai kuma wani abu da ba a cika samu ba. In ƙara mai ƙarfi ita kanta ke sa masa jiri nan take, ko in ya yi tari ko nishi ɗaki ya juya, ko yana jin bugun zuciyarsa da takun ƙafarsa har da motsin idonsa a cikin kunne, to ana zargin ɗan ƙashin da ya rufe wurin daidaito ya buɗe. A 1998 aka fara bayyana wannan a Amurka, kuma sikanar kai ta gaggawa ba ta cika nuna shi ba, sai an yi ta musamman kan ƙashin kunne.

Majo Lawali: Ɗaliba, a hankali, kada mu cika wa baiwar Allah kai. Daidai kika faɗa, amma ki bar wa ORL wannan. Barira, abin da za ki riƙe: a duba kunne, a yi gwajin ji, a gwada jirin mirginawa, a duba wuya. Ku fara tambaya a manyan asibitocin nan Maradi kafin wani ya ce muku Yamai. Tafiyar sama da kilomita 600 cikin bas ga mai gudun girgiza ba ƙaramin abu ba ce, kada a yi ta sai lokotoro ya tura ku.

Barira (Maman Abdul): In sha Allahu za mu je. Amma dakan fa? Ba zan hana mata tuwonta ba, kuma mai shago da gurup ɗinsa yake sayar da ƙanƙara.

Zeinabu: Ki je da kanki ki yi mata bayani, kada ki aika yaro. Mu tamu maƙwabciyar da ta ji dalili ta janye turmin daga jikin katanga, ta sa tsohon buhu ninki-ninki a ƙarƙashi. Kuma takan leƙo ta ce za ta fara. Sanin cewa ƙara na zuwa kaɗai yana rage rabin abin, bazata ce ta fi tada hankali.

Mushe Idi: Gurup kuma a ɗora shi kan tsohuwar taya maimakon siminti, girgizar da ke bin ƙasa za ta ragu sosai. Ku ma ku janye gado daga bangon da ke wajen shagon, kuma ya bar kwanciya kan tabarma a daɓe. In da fanka mai caji ku bar ta tana juyawa da dare, tana rufe gurnanin da shuu ɗin kunne duka.

Ɗan Ladi Kabu-kabu: To na ji, na janye maganar hawa. Amma moto kar shi zauna banza. A ba wani yaro mai amana shi riƙa aiki da shi yana kawo kuɗin yini, mu a tasharmu haka muke ma wanda ya kwanta. In ba ku da kowa ki yi mini magana ta gehe.

Mushe Idi: Madalla Ɗan Ladi. Tunda ka zo, kai kana sa kaske, hular kwanon masu moto? Bincike ya nuna yana rage raunin kai da wajen kashi 69 cikin 100, mutuwa kuma wajen kashi 42.

Ɗan Ladi Kabu-kabu: Mushe ka sa kwano a kai cikin watan huɗu a garin ga, rana ta wuce 40, ka yini bisa kwalta, sannan ka zo mu yi lissahi. Hwasinja ma ba su yarda su sa wanda wani ya cire.

Mushe Idi: Zufa ana wanke ta da ruwa.

Rabe Tela: Majo, in na ce zan gwada cirewa, ta ina zan fara? Ba wai na yarda ba ne.

Majo Lawali: Ka fara da lokacin da gida ya fi shiru, bayan asuba. Ka cire na ɗan lokaci, gobe ka ƙara kaɗan. Kada ka fara da shago. Naka ya daɗe, zai ɗauki watanni, kuma kai ma ka je a auna jinka, don wani lokaci ragin ji ne ke ɓoye a ƙarƙashin ƙin ƙarar. In ka ga zuciyarka na bugawa tun kafin ƙarar ta zo, ko kana mafarkin motar nan, ka faɗa wa lokotoro wannan ma, yana cikin ciwon kuma ana taimaka masa.

Sanusi Tibiri: Salamu alaikum, yanzu na shigo na karanta tun daga sama. Tsohonmu ya zame a bayan gida wajen wata ɗaya da ya wuce, kansa ya bugi bango, ya tashi garau ko likita ba mu je ba. Kwanakin nan shi ma ba ya son hayaniya, ga ciwon kai kullum ƙaruwa yake. Tun shekaranjiya barci ya yi masa yawa, yana rikita sunayen jikoki, ƙafar dama kuma jan ta yake. Mu fara masa da fankar da rediyon ne?

Majo Lawali: A'a Sanusi, naku daban ne. Ga tsofaffi jini kan taru a hankali tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙoƙon kai makonni bayan ɗan bugun da kowa ya manta, kuma alamun da ka lissafa su ne nasa. Ana zuƙe shi mutum ya tashi in an kai da wuri. Tibiri zuwa Maradi ba nisa, ku samo mota ku kawo shi wurin gaggawa a daren nan, kada ku jira safiya. Ku faɗa musu maganar faɗuwar da bakinku, ku tafi da duk magungunan da yake sha, kuma kada a ba shi asfirin.